Tafiyar Mai Jego Tana Da Abin Faɗa

Duk wanda ya zauna da mai ciki ya san tafiyarta takan canza. Idan ciki ya tsufa, nauyi yakan rinjaya gaba, gaɓoɓin ƙugu su saki, sai ta riƙa buɗa ƙafa tana rangaji. Wannan ba ciwo ba ne, yakan wuce bayan haihuwa. Amma akwai wata tafiyar da bai kamata iyali su yi shiru a kanta ba.

Wata mai jegon idan ta tashi daga naƙuda mai tsawo, sai a ga gaban ƙafarta ya saki. Ba ta iya ɗaga yatsunta sama, silifas yana suɓuce mata, tana yawan tuntuɓe. Don kada yatsun su ja ƙasa, sai ta ɗaga gwiwa sosai kamar mai hawa matakala. A karkara irin ta Ɗambatta, inda mace ke zuwa rijiya da shiga gona, wannan ba ƙaramar nakasa ba ce. Sau da yawa akan ce iska ce ko shan inna. A gaskiya jijiya ce ta ji rauni.

Jijiyar da ke ɗaga ƙafa ta taso ne daga ƙashin baya, ta ratsa cikin ƙugu, ta bi ta gefen gwiwa. Idan kan jariri ya maƙale na sa'o'i masu yawa, yakan danne ta. Dogon tsugunno ma yakan matse ta a gwiwa. Irin wannan naƙudar ce ke jawo yoyon fitsari. A 1994, Dakta Kees Waaldijk na asibitin Babbar Ruga a Katsina da abokin aikinsa sun wallafa bincike a kan mata 947 masu yoyon fitsari, wanda ya nuna cewa matsalolin biyu sukan zo tare.

Abin farin ciki shi ne yawanci jijiyar takan farfaɗo, amma a hankali, cikin watanni, wani lokaci har shekara biyu. Ma'aikatan gashin ƙashi za su koya mata motsa idon sawu kullum don kada ya sandare, kuma akwai takalmin roba da ke tallafe ƙafar. A kula da ruwan wankan jego, domin ƙafar da ta yi sanyi ba ta jin zafi sosai, tana iya ƙonewa ba a sani ba.

Maigida, kada a jira arba'in. Idan an ga jan ƙafa, ko fitsari na zuba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, a kai ta Babban Asibitin Ɗambatta, daga nan a tura ta Kano idan da bukata. Rigakafin kuwa shi ne zuwa awo da haihuwa a asibiti. Naƙudar da ta wuce sa'a 12 ba ta gida ba ce.