Sakaya Zance Tsakanin Ma'aikatan Jinya da Masu Ciwon Sankara Game da Zaman Aure

Tun daga 1967, lokacin da Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan, masana kiwon lafiya suka karɓi ra'ayinta cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ya haɗa da na jiki da na zuci da na zamantakewa. Wani ɓangare na wannan raɗaɗi da akan kau da kai daga gare shi shi ne zaman majinyaci da abokin aurensa. Sankarar mama da ta bakin mahaifa, da tiyata, da gashin na'ura, da magungunan kashe zafi irin su mofin, kan rage sha'awa, su jawo bushewar gaba ko zafi wajen saduwa. Wani mijin ma yakan ƙaurace wa matarsa bisa zaton za ta shafa masa ciwon, alhali sankara ba ta yaɗuwa ta wannan hanya.

A 1976 Jack Annon ya fito da tsarin PLISSIT mai matakai huɗu: ba da izinin magana, taƙaitaccen bayani, takamaiman shawarwari, sannan miƙa majinyaci ga ƙwararre. Matakin farko aikin harshe ne zalla, kuma a nan ne ma'aikaciyar jinya mai amfani da Hausa take haɗuwa da kunya.

Bahaushe ba ya kiran wannan al'amari da sunansa. Yakan ce “saduwa” ko “kwanciya” ko “sunna”, ya kira al'aura “gaba” ko “mara”. Sakayawar na da amfani, domin da ita ce kawai budurwar nas za ta iya tunkarar sa'ar mahaifiyarta. Amma tana da tarko. “Kwanciya” a asibiti tana nufin ba da gado, “gaba” kuwa shi ne kuma abin da ke faɗuwa in an tsorata. Tambaya irin “Yaya gida?” amsarta ɗaya ce, “Lafiya lau”, ko da babu lafiyar. Abin da ya fi dacewa shi ne a jingina maganar ga wasu: “Hajiya, mata da yawa masu wannan ciwo sukan ce zamansu da maigida ya canja. Ko ke ma kin ga haka?” Da wannan sigar majinyaciya tana da damar amsawa ko yin shiru ba tare da ta muzanta ba.

Sau da yawa abin da mai ciwon ajali yake bukata bai kai saduwa ba: a riƙe masa hannu, a zauna a gefen gadonsa. Ɗakunan asibitocin gwamnati a buɗe suke, mai jinyar mace kuma galibi uwa ce ko 'yar'uwa, miji yana tsaye daga bakin ƙofa. A irin wannan hali nas kan ja labule, ta ce wa dangi, “A ɗan ba su wuri.”