Daga Azbin zuwa Maggiya: me ke cinye ƙasar Adar?

Duk wanda ya duba dutsen da ake fasawa a Malbaza don yin siminti zai iya tsintar ɓawon katantanwar teku a cikinsa. Shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi da ya ratsa Sahara ya kwanta a kan Adar, kuma gawarwakin halittunsa ne suka taru suka zama wannan farin dutse. Irinsa ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato, domin duka suna cikin babban kwari guda, wanda masana ke kira Iullemmeden.

Daga arewa maso gabas kuwa, ƙasa ta yi ta tura duwatsun Azbin sama, har ƙololuwar Bagzan ta zarce mita 2,000. Teku ya janye, shimfiɗun dutse suka ɗan karkata zuwa kudu maso yamma, ruwan sama ya bi gangaren yana yanka kwaruruka. Da haka aka samu fadamar Maggiya, mai ciyar da albasar Galmi da lambunan Birnin Ƙonni.

Yankan bai tsaya ba, ga shi ma ya ƙara sauri. Tudun Adar marmara ce mai tauri a sama, laka mai taushi a ƙasa. Da zarar ruwa ya sami kafa sai ya rarake lakar, marmarar ta rufto, kwazazzabo ya ci gona. Wannan halin ƙasar ne tun fil azal. Abin da ya ƙaru shi ne farin 1973 da na 1984, da saran itace, da noman gangare saboda yawan jama'a. Tudu ya koma faƙo, yashinsa kuma yana gangarawa yana cike madatsun Mozage da Zango, waɗanda noman ranin Ƙonni ya dogara da su.

A ganin mai wannan rubutu, kason mutum a wannan ɓarna ya fi na dutse, kuma manoman Illela sun nuna yana gyaruwa. Tun ƙarshen shekarun 1980 suke haƙa ramukan shuka da ake kira tassa a faƙo, su zuba taki, ruwa ya tsaya, gero ya fito, har aka riƙa sayen faƙon da a da ba mai kallonsa. Yashe madatsa ba tare da yin irin wannan aiki a kan tudu ba asarar kuɗi ce, don haka hukumomin jihar Tawa su fara daga tudun.