Daga Jakar Fata Zuwa Ƙugun Duniya: Tarihin Kalmar "Bulge"

Ɗalibin sakandare yakan ci karo da kalmar Ingilishi "bulge" a darussa daban-daban. Malamin labarin ƙasa zai ambace ta, haka ma na ilimin halittu da na tarihi. Sau da yawa ɗalibin yakan haddace ma'anoni uku, alhali kuwa tushensu ɗaya ne. Wanda ya san tushen ya huta da wahalar hadda.

Asalin kalmar daga bakin mutanen Gol ta fito, wato tsofaffin mazauna ƙasar da ake kira Faransa a yau. Su ne ke kiran jakar fata "bulga". Romawa suka ari kalmar zuwa Latin, daga nan ta gangara cikin tsohon Faransanci, ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1200, tana nufin jaka har yanzu. Sai a ƙarni na 17 ta ɗauki ma'anar kumburi. Dalilin ba boyayye ba ne. Duk wanda ya ga salka cike da ruwa, ko burgami danƙare da kaya, ya san yadda gefensa ke turowa waje. Sunan jakar ne ya koma kan siffarta.

Kalmar tana da dangi. "Budget", wato kasafin kuɗi, da farko 'yar jakar fata take nufi, sai a ƙarni na 18 aka danganta ta da lissafin kuɗin gwamnatin Ingila. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin shi ma yakan ce "jaka guda" yana nufin naira 200. Haka nan "belly", wato ciki, da "bellows", wato zugazugin maƙeri, sun fito ne daga wata tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin jakar fata, wadda ta haɗa kaka da "bulga".

A labarin ƙasa, kalmar tana nufin kumburin duniya a ƙugunta. A shekarar 1687 Isaac Newton ya yi lissafin cewa juyawar duniya dole ta sa tsakiyarta ta turo waje. Awon da masanan Faransa suka yi a yankin Lafland a 1736 da 1737 ya gaskata shi. Faɗin duniya ta ƙugu ya ɗara faɗinta daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu da kimanin kilomita 43. Saboda haka ƙololuwar dutsen Chimborazo na ƙasar Ikwado, wanda ke kusa da ƙugun, ta fi ta Everest nisa daga cibiyar duniya da kimanin kilomita 2.

A tarihi kuwa, kumburin a kan taswira ya bayyana. Ranar 16 ga Disamba, 1944, sojojin Jamus suka kai farmaki ta dajin Ardennes na Beljiyam da Lukzambur, suka tura layin dagar sojojin ƙawance baya. Layin ya lanƙwashe tamkar gefen jaka, daga nan yaƙin ya samu sunansa a Ingilishi.

A ilimin halittu ne kalmar ta koma gida. A jikin ramin da gashi ke tsirowa akwai wani ɗan ƙullutu, daidai inda siririyar tsokar da ke sa tsikar jiki ta tashi take manne. A shekarar 1990, George Cotsarelis da abokan aikinsa a Amurka suka nuna, ta hanyar gwaji a kan ɓeraye, cewa a nan ne ƙwayoyin halitta na asali suke ajiye. Su ne ke sabunta gashi, kuma sukan taimaka wajen warkar da rauni a fata. Ashe ƙullutun jakar ajiya ne na haƙiƙa.

Amma ba kowane kumburi ne alheri ba. Idan bangon jijiyar jini ya yi rauni a wani wuri, matsin jini yakan hura shi kamar balan-balan, kuma fashewarsa na iya halaka mutum. Haka kuma, idan maɗigar jariri ta turo sama ta yi tauri alhali ba kuka yake yi ba, musamman tare da zazzaɓi, alama ce ta ƙaruwar matsi a cikin kai, kamar yadda sanƙarau ke haddasawa. Wannan ba abin jira ba ne, sai a garzaya asibiti.

Don haka, duk inda ɗalibi ya tarar da wannan kalma, ya tuna da salka cike da ruwa, sannan ya yi tambaya biyu: mene ne a cikin jakar, kuma me ya turo gefenta waje? Amsar tambayoyin nan ita ce darasin, ko a wane aji aka gabatar da shi.