Zawon Jini na Kwiyakwiyai da Hanyar Tsare Su

Duk wanda ya san ƙasar Kazaure, daga duwatsun Roni zuwa gonakin Gwiwa, ya san kare ba abin wasa ba ne a wurin mafarauci da makiyayi, kuma tun da shari'a ta halatta riƙe shi domin farauta da tsaron dabbobi da amfanin gona, lalle kula da lafiyarsa amana ce a wuyan mai shi.

Daga cikin cututtukan da ke halaka kwiyakwiyai babu kamar wadda likitocin dabbobi ke kira fabo, wadda ta bayyana a 1978, ta game duniya cikin shekara biyu kacal. Ƙwayarta, wadda ido ba ya gani, takan fita cikin kashin karen da ya kamu, ta zauna a ƙasa watanni tana jiran wanda zai shinshina; idan ta shiga cikin kwikwiyo ɗan mako 6 zuwa wata 6, sai ta cinye bangon hanjinsa, ta raunana ɓargonsa, bayan kwana 3 zuwa 7 ya ƙi abinci, ya yi ta amai da zawon jini mai ɗoyi, har mai shi ya zaci guba aka ba shi. Ba ita ce haukan kare ba, kuma ba ta kama ɗan Adam.

Abin da ke kashewa galibi ƙarewar ruwan jiki ne da ƙwayoyin da ke ƙetarawa daga hanji zuwa jini. Saboda haka likita kan yi ƙarin ruwa ta jijiya, ya tsayar da amai, ya yi allurar kashe waɗannan ƙwayoyi. Wanda aka gaggauta kaiwa akasari yakan tashi, wanda kuwa aka bari da jiƙe-jiƙe da wuya ya kai labari.

Riga-kafi ya fi sauƙi: allura a mako 6 zuwa 8, a maimaita kowane mako 3 ko 4 har ya cika mako 16, domin kariyar da ya tsotsa a nonon uwa tana iya hana ta farko aiki. A tabbata an adana maganin cikin sanyi, a ware marar lafiya, a wanke makwancinsa da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 30.

Ya kai mai kare, kada ka jira zawo ya fara. Nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku tun kwikwiyo yana kan nono.