Jirgin jarirai da ya faɗi a Saigon

Biyetnam ƙasa ce a gabashin duniya, kudu da ƙasar Sin. An yi shekara da shekaru ana yaƙi a can tsakanin Arewa da Kudu, Amurka kuwa tana bayan Kudu. A farkon shekara ta 1975, kowa ya gane Kudu ta kusa faɗuwa. Sojojin Arewa suna ta matsowa wajen Saigon, babban birnin Kudu.

A Saigon akwai gidajen marayu cike da yara. Yaƙi ya ci iyayen wasu. Wasu kuma ubanninsu sojojin Amurka ne da suka koma gida suka bar su. Sai shugaban Amurka, Gerald Ford, ya ba da umurni a kwashe yaran da jiragen sama.

Jirgin farko ya tashi ran 4 ga watan Afrilu 1975, da la'asar, zai tafi ƙasar Filifin. Sunansa C-5 Galaxy. Ba jirgin fasinja ba ne, na ɗaukar kayan soja ne, ƙato mai inji huɗu. Manyan bindigogi ma ya kawo, aka sauke, aka ɗora yara. Cikinsa hawa biyu ne. A sama akwai kujeru, nan aka ɗaure jarirai. A ƙasa, wurin kaya, babu kujera. Aka shimfiɗa barguna, yara da masu kula da su suka zauna, aka ɗaure su da maɗaurin kaya. Mutum 314 ne a ciki.

Kafin mu ci gaba, ga wani abu da ya kamata mu sani. In jirgi ya yi sama sosai, iskar waje takan yi ƙaranci, ba ta isa mutum ya yi numfashi. Don haka ake cika cikin jirgi da iska, kamar yadda ake cika tayar mota. Iskar nan tana tura bango da ƙofofi, tana neman hanyar fita. Abin da ke riƙe ƙofa shi ne sakatu na ƙarfe. In wasu suka saki, nauyin duka sai ya koma kan sauran.

To, haka aka yi. Minti 12 bayan tashi, jirgin yana bisa teku, ya kai wajen mita 7,000 a sama, sai sakatun babbar ƙofar baya suka saki. Ƙofa ta fizge da ƙara kamar aradu. Iska ta fita gaba ɗaya. Da ƙofar ta tafi, ta tsinke wayoyin da ke juya wutsiyar jirgi. Wutsiya ita ce linzaminsa, da ita matuƙi yake sa shi ya hau ko ya sauka. Ke nan doki yana gudu, linzami ya tsinke.

Matuƙin, kyaftin Dennis Traynor, da mataimakinsa Tilford Harp ba su yanke ƙauna ba. Suka lura in sun ƙara wa inji wuta, hancin jirgi yakan ɗaga. In sun rage, sai ya sunkuya. Da wannan dabara suka juyo da shi, suna ƙarawa suna ragewa, har suka hango filin jirgin Saigon. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma wajen kwana ta ƙarshe jirgin ya fi ƙarfinsu. Ya bugi wata gonar shinkafa, ya ja ciki cikin laka, ya sake tashi, ya tsallake gulbin Saigon, sannan ya bugi wani tudun tare ruwa. Nan ya rabu huɗu, wuta ta kama.

Mutum 138 suka mutu, 78 daga cikinsu yara ne. Mutum 176 suka tsira. Waɗanda ke sama, galibinsu sun rayu. Na ƙasa kuwa, cikin jirgin ne ya murƙushe su, kaɗan suka fita. Mota ba ta iya shiga wurin saboda laka, sai da jirage masu saukar ungulu. Wata mai jinya ta soja, Regina Aune, ta karye a ƙafa, amma ta dinga ɗaukar jarirai tana miƙawa har ƙarfinta ya ƙare. Abokiyar aikinta Mary Klinker tana cikin mamata.

Da farko an zaci abokan gaba ne suka sa bom. Masu bincike suka tsamo ɓaraguzan ƙofar daga teku, suka duba. Ba bom ba ne. A lokacin ana ƙarancin kayan gyara, sai a cire wani ƙarfe daga jirgi guda a sa wa wani. Wajen mayar da kayan sakatun wannan jirgi ba a daidaita su yadda ya kamata ba, wasu ba su kama ba. Duk makanike ya san irin wannan gyara na gaggawa. Sai dai mota in ta lalace a kan tsaya gefen hanya.

Kwasar yara ba ta tsaya ba. Kafin Saigon ta faɗi ran 30 ga Afrilu, an fitar da yara wajen 3,000 zuwa Amurka, Faransa, Kanada, Ostireliya da wasu ƙasashe. Daga baya aka gano ba dukansu ne marayu ba. Wasu iyayensu suna da rai, tsoro ne ya sa suka ba da su. Akwai uwayen da suka bi sawu har Amurka, suka shiga kotu suna neman a maido musu da ɗiyansu.