Motar Tokumbo Mai Ja Da Taya Huɗu: Inda Ya Kamata Kuɗin Gyara Ya Fara Shiga

Duk wanda ya zagaya wuraren sayar da motoci a Abuja, ko ya leƙa garejojin Apo, zai ga yadda ƙananan jif-jif na tokumbo suka mamaye kasuwa: Toyota RAV4 da Highlander, Honda CR-V, Lexus RX, Ford Edge da Nissan Murano. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da haruffan AWD ko 4WD a bayansu, alamar cewa injin na iya tura ƙarfinsa zuwa tayoyi huɗu. Mai saye kan ɗauki waɗannan haruffa a matsayin tabbacin cewa laka da yashi da ruwan damina ba za su tsayar da shi ba. Abin da dillali bai cika faɗa ba shi ne, wannan fasaha tana tafe da ƙarin kayan ƙarfe a ƙarƙashin mota, kuma kowannensu yana da mansa da ƙa'idarsa.

Sau da yawa, da zarar mota ta shigo hannu, kuɗin farko kan tafi ga manyan wili masu ƙyalli, da baƙin gilashi, da rediyo mai allo. Bayan 'yan watanni sai a fara jin gurnani daga baya, ko motar ta riƙa turjewa a kwana. Gaskiyar lamarin ita ce, lafiyar irin wannan mota da daɗin tuƙinta suna rataye ne a kan abubuwan da ido bai cika kai wa gare su ba: tayoyi huɗu masu daidai da juna, man da ya dace a kowane akwati, da ƙafafun da aka mayar yadda kamfani ya ƙera su.

Yadda ƙarfi ke isa ga tayoyi huɗu

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Subaru na Japan ya fitar da ƙaramar motarsa Leone mai ja da taya huɗu a 1972, sannan Audi na Jamus ya gabatar da Quattro a 1980, wadda ta yi suna a tseren motoci. Irin waɗanda suka cika titunanmu sun zo ne daga baya: RAV4 a 1994, CR-V a 1995, Lexus RX kuma a 1998.

A yawancinsu, ƙarfin injin kan bi ta akwatin giya zuwa tayoyin gaba. A jikin akwatin giyar akwai wani ƙaramin akwati da ke karkatar da wani kaso na ƙarfin zuwa farfela, wato dogon sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota, ita kuma ta kai shi aksul na baya. A tsakani akwai na'urar da ke yanke hukuncin yawan ƙarfin da zai tafi baya. A tsofaffin motoci irin su Lexus RX300, tayoyi huɗun na ja a kowane lokaci, kuma na'urar na aiki ne da wani ruwa mai kauri da ke ƙara riƙo idan juyin gaba da na baya suka bambanta. A RAV4 ta 2006 zuwa 2012, kulocin lantarki ne a gaban aksul na baya, wanda kwamfutar mota ke kamawa da saki gwargwadon buƙata. Tsohuwar CR-V kuwa famfuna biyu na mai take amfani da su. Hanyoyin sun bambanta, amma duk abu guda suke lura da shi: ko tayoyin gaba da na baya suna juyawa da sauri ɗaya.

Taya ce ke kashe giya

Daga nan ne babbar matsalar ke tasowa. Al'adarmu ita ce, idan taya ta fashe, a tsaya wurin mai faci a sayi ɗaya, sabuwa ko ta gwanjo, a ɗaura a ci gaba da tafiya. Motar da ke ja da taya biyu kan jure wannan. Mai ja da huɗu ba ta jurewa, domin tayar da ta ci ta fi sabuwa ƙanƙanta, don haka dole ta fi ta yawan juyawa kafin ta ci tazara ɗaya.

Lissafin a bayyane yake. Taya mai lamba 225/65 R17, wadda RAV4 da CR-V da dama ke sawa, kan juya kusan sau 440 a kowace kilomita idan sabuwa ce. Idan zanenta ya ci da milimita 4, juyin kan kai kusan 445. Bambancin juyi biyar ke nan a kilomita guda, wato kusan dubu ɗaya a tafiyar kilomita 200, kwatankwacin Abuja zuwa Kaduna. Na'urar rabon ƙarfi ba ta san tsufan taya ba. A wurinta wannan santsi ne, sai ta yi ta ƙoƙarin gyara shi tun daga Zuba har Kaduna. Sakamakon shi ne zafi, man ya ƙone, faifan kuloci su ci. Shi ya sa Subaru ke son kada bambancin kewayen tayoyin ya wuce rubu'in inci, abin da bai kai milimita 7 ba.

Ƙa'idar ita ce, tayoyi huɗu su zama na kamfani ɗaya, lamba ɗaya, zane ɗaya, kuma cinsu ya yi kusa da juna. A riƙa sauya musu wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, a kuma sa iska gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, domin tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ma ta ƙanƙance. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta. 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi, kuma tayar gwanjo na cikin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su. Ga mai irin wannan mota, arahar tayar gwanjo kan ƙare ne a sayen sabon aksul. Ƙaramar safayar da wasu motocin ke zuwa da ita kuwa ta kai mutum wurin gyara ce kawai, ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Idan kuma motar ta mutu a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a bayan motar ɗauka. Jan ta da tayoyi biyu a ƙasa na iya ƙona na'urar cikin ɗan lokaci.

Man da ake mantawa da shi

Kowa ya san juyen baƙin mai. Amma wannan mota tana da wasu wurare uku da ke shan mai: akwatin giya, akwatin rabon ƙarfi, da aksul na baya. Motar da ta yi shekara goma a Amurka ko Kanada tana iya isowa da man da aka zuba mata tun daga kamfani. Abin da ya fi dacewa shi ne a juye su duka da zarar an saye ta, a rubuta kilomitar da aka yi hakan.

Ba kowane jan mai ne man giya ba. Toyota na da T-IV na tsofaffin motoci da WS na waɗanda suka biyo baya. Honda na da DW-1 na akwatin giya, sannan aksul na bayan CR-V na da nasa man na musamman mai suna Dual Pump Fluid. Idan ya tsufa, motar kan yi gurnani a kwana mai tsanani, kuma sau da yawa juye shi kaɗai ke kawar da ƙarar. Wanda ya zuba masa man giya na gama-gari ya jawo wa kansa asara. Nissan Murano na amfani da giyar CVT, mai aiki da bel na ƙarfe, wadda ke buƙatar NS-2 ko NS-3 kuma ba ta son zafi. A Ford Edge da Explorer, akwatin rabon ƙarfin ƙarami ne, mansa kaɗan ne, ga shi kusa da salansa, don haka man kan dafe ya zama kamar kwalta idan aka ƙyale shi.

Littafin mota kan zo da jadawali biyu: na tuƙin yau da kullum da na yanayi mai tsanani, wato ƙura da zafi da cunkoso da kaya masu nauyi. Wanda ke bin hanyar Nyanya da Mararaba safe da yamma, ga ƙurar hunturu da zafin bazara, jadawali na biyu ne nasa. Idan kuma mota ta ratsa ruwa mai zurfi a damina, a duba man aksul. Idan ya koma launin madara, ruwa ya shiga.

Kafin a biya kuɗi

Wasu matsalolin sanannu ne. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 ta yi suna da matsalar kwamfutar injin, wadda ke sa giya shiga da fizga har ta lalace. Sauya akwatin giyar ba tare da gyara kwamfutar ba aikin banza ne. A 2012, Toyota ta yi kiranyen RAV4 na 2006 zuwa 2011 saboda wani ƙarfen ƙafar baya da kan yi tsatsa ya karye idan ba a ɗaure shi da kyau ba bayan alaimen. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kan nuna irin wannan kiranye a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanyoyi ta Amurka, kuma kyauta ne.

Sai a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta. A tabbata farfela na nan, a nemi alamar yoyon mai, a duba robobin shaf ko sun yage sun zubar da giris, a kuma lura da tsatsa, domin motocin yankunan dusar ƙanƙara gishirin da ake zubawa a titi kan ci ƙasansu. A murɗa makulli a ga fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu. Fitilar da ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne da gangan. Daga nan a sami fili, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali hagu da dama. Motar da ke turjewa, ko tsalle, ko ƙara, tana faɗin abin da dillali ya ɓoye.

Batun farfela na buƙatar ƙarin bayani. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane direba na neman hanyar rage shan mai, kuma akwai masu ba da shawarar a kwance farfela a ajiye. A motar da dama can tayoyin gaba ke yawancin aikin, abin da za a rage kaɗan ne, tun da nauyin sauran kayan na nan. A wadda ke ja da huɗu a kowane lokaci kuwa, an ɗora wa na'urar tsakiya nauyin da ba a ƙera ta dominsa ba, kuma ƙarshenta ƙonewa.

Gyaran ƙafa kafin ado

Mai son motarsa ta riƙe hanya ya fara da mayar da ita yadda take. Motar da ta yi tafiyar kilomita 150,000 ko fiye, da wuya shokozobanta da bushin-bushinta da boljoyin su kasance da sauran ƙarfi. Shokozoba mai kyau, irin na KYB ko Bilstein, da aka sauya bibbiyu, gaba tare ko baya tare, kan canza motar fiye da duk wani kayan ƙawa. Bayan haka a yi alaimen na tayoyi huɗu, ba na gaba kaɗai ba. Kayan jabu sun yi yawa, daga Ladipo a Legas har Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, don haka a saya da lambar kayan, a wurin wanda zai karɓa idan ba su yi ba.

Manyan wili na zuwa da siraran tayoyi, waɗanda ramin farko kan kumbura su ko ya lanƙwasa wilin. Dusar da mota ƙasa na haɗa cikinta da tudun rage gudu, ɗaga ta sama kuma na ƙara mata tangaɗi a kwana tare da gajiyar da shaf. Sandar da ke hana mota kwantawa a kwana, wadda makanikai ke kira sitabilaiza, ana iya sa mai kauri, amma idan ta baya ta yi ƙarfi fiye da kima, bayan motar kan zame a kan jiƙaƙƙen titi. Ga yawancin direbobi, sauya robobinta da 'yan sandunan da ke haɗa ta da ƙafa ya wadatar. Man birki kuma na shan danshi daga iska, don haka a juye shi duk shekara biyu.

Akwai wata na'ura da ta fi duk waɗannan ceton rai: mai hana mota zamewa, wadda Toyota ke kira VSC, Honda kuma VSA. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012. Idan fitilarta ta kama, a sa kwamfuta a gano dalili. Sau da yawa ƙaramin sansa ne a jikin ƙafa.

Ja da taya huɗu na taimakon mota wajen tashi da hawa tudu da fita daga laka, amma ba ya ƙara mata birki ko kaɗan. Kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa, kuma jif mai nauyi a kan tsofaffin tayoyi ta fi ƙaramar mota nisan tsayawa idan ruwa ya sauka a hanyar Lokoja. Wanda ya sayi irin wannan mota ya ware wani abu daga kuɗinsa tun kafin ciniki: tayoyi huɗu da farko, sai juyen mai, sai ƙafa da birki. Idan an sami saura, wili masu ƙyalli na nan a kasuwa suna jira.