Yadda mata ke fafatawa a gasar tanis ta Wimbledon

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli, hankalin masu sha'awar ƙwallon tanis kan koma unguwar Wimbledon da ke kudu maso yammacin birnin Landan, inda ake gudanar da gasar da ta fi kowace daɗewa a duniyar wannan wasa.

Tana cikin manyan gasanni huɗu na tanis, tare da na Ostireliya da Faransa da Amurka, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ake bugawa a kan ciyawa.

Mata 128 ne ke shiga ajin 'yan wasa ɗai-ɗai, kuma wadda ta lashe kofin a shekarar 2025 ta karɓi fam miliyan 3, daidai da abin da aka bai wa takwaranta namiji. To sai dai an daɗe ana gwagwarmaya kafin a kai ga wannan daidaito.

Yadda ake shiga gasar

Mafi yawan 'yan wasan, wato 104, suna samun gurbi ne kai tsaye saboda matsayinsu a jerin gwanayen tanis na duniya. Wasu 16 sai sun tsallake wasannin share fage, sauran guraben kuma masu shirya gasar ne ke bayar da su ga waɗanda suka ga dama, galibi 'yan Birtaniya masu tasowa ko tsoffin gwanaye da suka dawo daga jinya.

Gasar ta sili-ɗaya-ƙwale ce: duk wadda aka doke sau ɗaya ta fita. Saboda haka sai mace ta yi nasara a karawa bakwai a jere cikin makonni biyu kafin ta ɗauki kofi.

Domin kada manyan gwanaye su fitar da juna tun da wuri, akan ware 32 da suka fi matsayi a rarraba su a jadawalin, ta yadda ta ɗaya da ta biyu ba za su haɗu ba sai a wasan ƙarshe.

Yadda ake ƙirga maki

Lissafin tanis kan rikita wanda bai saba ba. Maki na farko ana kiransa 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuma shi ke ba da ci guda. Idan aka yi kunnen doki 40 da 40, sai ɗaya ta samu maki biyu a jere kafin ta samu cin.

Wadda ta fara tara ci shida, da ratar aƙalla biyu, ita ta lashe turmi. Idan aka kai 6 da 6, sai a yi wasan raba gardama, inda ake neman maki bakwai. Tun daga 2022, idan a turmin ƙarshe ne aka kai haka, maki goma ake nema a dukkan manyan gasannin huɗu.

Mata kan buga turmi uku ne, kamar a dambe, kuma wadda ta ci biyu ta yi nasara. Maza kuwa har turmi biyar suke bugawa. Wannan bambanci shi ne tushen muhawarar da aka daɗe ana yi kan kuɗin lada.

Ita ma ciyawar tana da nata hukunci. Ana yanke ta zuwa tsawon milimita 8, kuma ƙwallo kan zame a kanta da sauri ba tare da ta tashi sama sosai ba. Hakan na taimaka wa mai ƙarfin bugun farko da mai iya matsowa kusa da raga, yana kuma wahalar da wadda ta saba da jar ƙasa irin ta birnin Paris, inda ƙwallo ke tafiya a hankali.

Asalin ajin mata

An fara gasar Wimbledon ne a 1877, maza zalla. Sai a 1884 aka buɗe wa mata ƙofa, inda 13 suka shiga, kuma Maud Watson ta doke yayarta Lilian a wasan ƙarshe. A 1887 Lottie Dod ta ɗauki kofin tana da shekara 15, kuma har yanzu ba a samu mai ƙarancin shekarunta da ta yi haka ba.

A 1957 Althea Gibson ta Amurka ta zama baƙar fata ta farko da ta lashe gasar, a lokacin da wariyar launin fata ke hana irinta shiga kulob-kulob da dama a ƙasarta. Ta sake lashewa a 1958.

Martina Navratilova ce ta fi kowa yawan nasara, inda ta ɗauki kofin sau tara tsakanin 1978 da 1990. Steffi Graf ta Jamus da Serena Williams ta Amurka kowacce ta ɗauka sau bakwai, Venus Williams kuma sau biyar. 'Yan uwan juna biyu, Venus da Serena, sun haɗu a wasan ƙarshe har sau huɗu, a 2002 da 2003 da 2008 da 2009, Serena ta yi nasara a uku.

Takaddamar kuɗin lada

A 1968, shekarar da aka fara barin ƙwararru masu neman kuɗi su shiga, Rod Laver ya karɓi fam 2,000, Billie Jean King kuwa fam 750. Irin wannan rata ce ta sa King ta tara 'yan wasa mata a wani otal a Landan a 1973, suka kafa ƙungiyar WTA. A wannan shekarar gasar Amurka ta daidaita ladan maza da mata, amma Wimbledon ta ƙi.

Hujjar masu shirya gasar ita ce maza sun fi daɗewa a fili. Matan kuma suka ce ba da awa ake biyan ɗan wasa ba, kuma ba su ne suka tsara yawan turmin ba. Hasali ma, daga 1984 zuwa 1998 mata sun riƙa buga turmi biyar a wasan ƙarshe na gasar WTA ta ƙarshen shekara.

Wasan ƙarshe na 2005 ya ƙara wa matan ƙarfin hujja. Venus Williams da Lindsay Davenport sun shafe sa'a biyu da minti 45 suna fafatawa kafin Venus ta yi nasara, alhali kashegari Roger Federer ya gama da Andy Roddick cikin ƙasa da sa'a biyu, kuma shi aka fi biya.

Ya zuwa 2006 ratar ta ragu ƙwarai: Federer ya karɓi fam 655,000, Amelie Mauresmo ta Faransa fam 625,000. A shekarar ce Venus ta rubuta maƙala a jaridar The Times tana sukar tsarin, kuma Firayim Minista Tony Blair ya goyi bayan daidaita ladan a majalisar dokoki. A watan Fabrairun 2007 masu gasar suka amince, kuma Venus ɗin ce ta fara cin gajiyar sauyin, domin ita ta lashe kofin shekarar ta karɓi fam 700,000.

Afirka da ƙasashen Musulmi

Ons Jabeur ta Tunisiya ce ta kai nahiyar Afirka kusa da wannan kofi. A 2022 ta zama mace ta farko daga Afirka da kuma ƙasashen Larabawa da ta kai wasan ƙarshe na wata babbar gasa tun daga 1968. An buga wasan ranar 9 ga watan Yuli, wadda ta dace da Babbar Sallah a ƙasashe da dama. Ta ci turmin farko, amma Elena Rybakina mai wakiltar Kazakistan ta farfaɗo ta cinye biyun da suka rage.

A 2023 Jabeur ta sake kaiwa, sai dai Marketa Vondrousova ta Jamhuriyar Cek, wadda ba ta ma cikin zaɓaɓɓu 32, ta doke ta da ci 6-4 da 6-4.

Batun sutura ma ya kan taso. Dokar Wimbledon ita ce a sa fararen kaya, kuma sai a 2023 aka yarda mata su sa gajeren wando mai duhu daga ciki, bayan koken da suka yi game da lokacin al'ada. A wani ɓangaren kuma, Sania Mirza ta Indiya ta sha suka daga wasu malamai a ƙasarta a 2005 kan gajerun kayan da ake wasan da su. Ta ci gaba da wasa, har ta lashe kofin Wimbledon na 'yan bibbiyu a 2015 tare da Martina Hingis.

Bayan zamanin Serena

Tun bayan nasarar Serena ta ƙarshe a 2016, kofin bai zauna a hannu ɗaya ba. Daga 2017 zuwa 2025 an buga gasar sau takwas, domin an soke ta 2020 saboda annobar korona, kuma mata takwas daban-daban ne suka lashe.

Wasu na ganin hakan alama ce ta yawan gwanaye, wasu kuma na cewa rashin tauraruwa guda mai jan 'yan kallo ne. Wasan ƙarshe na 2025 ya sake tayar da zancen turmi biyar, bayan da Iga Swiatek ta Poland ta lallasa Amanda Anisimova ta Amurka da ci 6-0 da 6-0 cikin minti 57, abin da ba a gani ba a wasan ƙarshe na Wimbledon tun 1911.

Masu son a ƙara turmin na cewa da Anisimova ta samu sararin farfaɗowa. Masu adawa kuma na nuni da cewa jadawalin makonni biyun ya riga ya cika, kuma 'yan wasa na kokawa da yawan rauni.